Gein yana ƙarfe 12 amma mita ba ta hawa: a ina ya kamata a tsayar da shi?

Nazifi_Ɗorayi:
Assalamu alaikum, iyayen gida da abokan sana'a. Ina neman a haska mini wata matsala da ta dame ni game da miksata, wato na'urar haɗa sauti ta DJ, mai canel huɗu. Daga kwamfuta nake kiɗa, sautin yana bi ta wani ƙaramin katin sauti na waje, sannan ya shiga canel 1 da canel 2 ta wayar RCA. Idan na ajiye maɓallin gein, mai ƙara ko rage ƙarfin sautin da ke shigowa canel, a tsakiya, wato daidai ƙarfe 12 a fuskar agogo, fitila biyu kore kaɗai ke kamawa a mitar canel, wani lokaci ma ɗaya. Sai na murɗa shi ya kai wajen ƙarfe 3 kafin fitilun su taɓa 0, kuma a nan ne nake fara jin wani siririn huci a lasifika duk sanda waƙa ta lafa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk da cewa mitar canel tana ƙasa, mitar masta tana faɗawa ja da zarar na haɗa waƙoƙi biyu. Shin mitar ce ta lalace, ko kuwa akwai wurin da ƙa'ida ta ce a tsayar da gein? Kuma idan mitoci biyu suka saɓa wa juna, wacce zan bi?

Baba_Injiniya:
Wa alaikumus salam, Nazifi ɗana. Ban ga alamar lalacewar mita a bayaninka ba, domin mitocin nan biyu ba wuri ɗaya suke aunawa ba. A yawancin miksocin DJ, mitar canel tana auna sauti ne bayan ya wuce gein da maɓallan EQ masu ƙara ko rage bes da tsakiya da siririn sauti, amma kafin ya isa feda, wato abin da ake turawa sama don sakin sautin canel zuwa masta, shi ya sa ko fedar tana ƙasa gaba ɗaya za ka ga fitilun canel suna motsi. Ita kuwa mitar masta tana auna jimillar duk abin da ya wuce fedoji, bayan maɓallin masta ya ƙara ko ya rage. Saboda haka idan canel yana ƙasa alhali masta yana ja, sauti ne ke shigo maka da rauni, kai kuma kana cike giɓin daga can ƙarshe. Kafin mu ci gaba, gaya mana inda maɓallin masta yake tsaye, da yawan ƙarfin fitar sauti da ka buɗe a cikin manhajar, da kuma abin da aka rubuta a jikin ramin da ka soke wayar a bayan miksa.

Sani_Maraɗi:
Barkanmu da warhaka. Ni abin da na fara zargi shi ne ɗan makunnin nan da ke zaɓar PHONO ko LINE. Ka duba da kyau, Malam Nazifi, wataƙila yana kan PHONO ne.

Lawan_Faifai:
Malam Sani, duba makunnin abu ne mai kyau, amma da sautin kwamfutarsa ta ramin PHONO yake shiga, da akasin wannan ƙorafin ya kawo mana. Allurar faifai 'yan milibolt kaɗan take fitarwa, don haka ramin PHONO yana ɗaga abin da ya shigo da kimanin desibel 40 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), sannan ya ƙara bes ya rage siririn sauti bisa ma'aunin RIAA, wanda kamfanonin faifai na Amurka suka amince da shi a 1954. Wanda ya zuba sautin kwamfuta a wannan ramin zai ga mita ta cika da ja tun bai taɓa gein ba, sautin kuma ya fashe ya koma gurnani. Raunin sauti yana zuwa ne ta ɗaya ɓangaren, wato idan aka soke na'urar faifai a ramin LINE, a nan ne za a ji waƙa can ƙasa, siririya, babu nauyi. Idan kuma waya tana LINE amma makunni yana kallon wani ramin daban, to shiru za a ji gaba ɗaya. Tunda shi yana samun fitila biyu kuma sautin bai fashe ba, ina ganin makunnin yana daidai.

Nazifi_Ɗorayi:
Na gode Baba, na gode Malam Sani da Malam Lawan. Wayoyin suna ramin LINE, makunnin ma yana can. Maɓallin masta yana wajen ƙarfe 3. A cikin manhajar kuwa, ƙarfin fitarwa yana kusan rabi, haka ma na kwamfutar kanta.

Baba_Injiniya:
To, ga bakin zaren. An rage sautin sau biyu tun kafin ya bar kwamfuta, sannan ana ƙoƙarin dawo da shi da gein da masta. Katin sauti yana da nasa ɗan hucin da ba ya raguwa don ka rage waƙa a manhaja, saboda haka idan ka fitar da waƙa da rauni ka zo ka ɗaga ta a miksa, tare da hucin kake ɗaga ta. Wannan shi ne abin da kake ji a ƙarfe 3.

Yadda nake koya wa yaran shagona shi ne a fara daga tushe a bi har lasifika. Ka buɗe ƙarfin kwamfutar gaba ɗaya, ka ɗaga na manhajar har mitarta ta riƙa kusantar sama ba tare da ta taɓa ja ba. Daga nan ka dawo miksa, ka mayar da maɓallan EQ uku tsakiya, ka sauke feda, ka sauke gein ƙasa, ka danna CUE, maɓallin da ke kai sautin canel abin saurare na kunne, ka kai waƙar wurin da ta fi cika, wato inda ganga da bes da murya suka haɗu, domin wanda ya daidaita gein a gabatarwar waƙa zai sha mamaki idan amshi ya shigo. Sai ka riƙa ɗaga gein a hankali har fitilun su riƙa tsayawa a 0, fitilar farko mai ruwan lemo tana ɗan leƙowa a bugun da ya fi ƙarfi. Littafin da ke zuwa da miksocin Pioneer, inda suke rubuta TRIM a jikin wannan maɓallin, shi ma abin da yake cewa ke nan: ruwan lemo ya kama a ƙololuwa, a kiyayi ja. Bayan haka ka ɗaga feda zuwa inda kake aiki, ka gyara masta har mitarsa ta riƙa nuna abin da mitar canel ke nunawa idan waƙa ɗaya ce ke tafiya. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe, da ita za ka nemi ƙarar da ɗakin taron yake buƙata.

Game da ƙarfe 12 kuwa, ka cire shi daga ranka. Babu ƙa'idar da ta ce gein ya zauna a tsakiya. Inda mita ta nuna daidai, nan ne mazauninsa, ko da ƙarfe 10 ne ko ƙarfe 2.

Mukhtar_Jos:
Ina goyon bayan Baba, sai dai ina so in ƙara wani dalili da zai iya sa gein ya wuce tsakiya ko da an buɗe komai. Ma'aunin sautin layi iri biyu ne. Kayan gida irin su waya da ƙananan katunan sauti ana ƙera su a kan -10 dBV, wanda ya kama kimanin bolt 0.316, su kuwa kayan ƙwararru a kan +4 dBu suke, kimanin bolt 1.23. Tazarar da ke tsakani ta kusa desibel 12, wato ƙarfin ɗaya ya ninka na ɗayan kusan sau huɗu. Katin da ke shan wuta daga USB kaɗai sau da yawa ba ya fitar da ƙarfi kamar babbar na'urar kiɗa ta kulob, don haka ba laifi ba ne canel ɗin kwamfuta ya nemi gein fiye da canel ɗin da ke kusa da shi. Domin irin wannan bambancin aka yi maɓallin tun farko.

Batun jan masta idan an haɗa waƙoƙi biyu kuma lissafi ne. Sautuka biyu masu ƙarfi ɗaya idan suka haɗu suna ƙara kimanin desibel 3, idan kuma bugun gangarsu ya faɗi daidai a kan juna ƙarin yana iya kaiwa desibel 6. Wanda ya cika waƙa ɗaya har bakin ja bai bar wa ta biyu wurin shiga ba. Shi ya sa ake sauke bes ɗin waƙar da ke shigowa har sai an janye na wacce ke fita.

Kabiru_Bes:
Da girmamawa ga manyanmu, ni ban yarda da wannan tsoron ja da ake ta yaɗawa ba. Miksocin zamani na dijital ana barin rata a cikinsu tsakanin inda fitilar ja take farawa da inda sauti yake yankewa da gaske, wasu ma suna da wata fitila daban da aka rubuta wa CLIP domin nuna ainihin iyakar. Ina aiki a fili, a bukukuwan da jama'a ke cika layi guda, kuma mai biki da ya biya kuɗinsa so yake a ji kiɗansa a unguwa ta gaba. Idan na tsaya a 0 yadda Baba ya ce, za a ce kayana ba su da ƙarfi, gobe a kira wani. Fitila ɗaya ja tana kamawa tana sakewa ba ta taɓa ɓata mini sauti ba.

Baba_Injiniya:
Kabiru, maganarka a kan ratar da ke cikin miksa gaskiya ce, ban musa ba. Amma miksa ba ita kaɗai ce a layin ba. Babbar miksa tana iya fitar da abin da ya haura +20 dBu, wato sama da bolt 7, alhali amfilifaya da yawa suna kai cikakken ƙarfinsu da bolt 0.775 ko 1.4 kawai. Ke nan miksarka tana iya kasancewa lafiya lau a fitilar ja, amma amfilifayar da ke bayanta ta daɗe da kai iyaka tana yanke kan sauti. Fitilar da ya kamata ka sa wa ido a filin nan ita ce ta jikin amfilifaya. Kuma ƙarar da kake nema ba a miksa take ba. Ƙarin desibel 3 kaɗai yana buƙatar ninkin ƙarfin amfilifaya, kunne kuwa sai an ƙara kimanin desibel 10 kafin ya ji kamar ƙara ta ninka. Idan kayanka sun kai iyakarsu, murɗa gein ba zai haifar da wat ko ɗaya ba, maganin shi ne ƙarin lasifika da ƙarin amfilifaya.

Usta_Garba_SabonGari:
Bari in sa baki a matsayina na wanda ake kawo wa kayan bayan an gama biki. Mafi yawan abin da nake kwancewa a shago shi ne tuwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, da koyil ɗinta, naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone ya yi baƙi, kuma idan na tambayi mai ita sai ya rantse cewa maɓallin amfilifayarsa rabi kawai ya buɗe. Jama'a su gane cewa wannan maɓallin ba ya ƙayyade yawan wat da za ta fitar, yana rage abin da ke shiga ne kawai. Idan aka turo mata sauti mai ƙarfin gaske daga miksa, za ta kai ƙarshen ƙarfinta ko da maɓallin yana rabi. Sautin da aka yanke wa kai yana haifar da ƙarin siraran sautuka masu kaifi, su kuma tuwita suke nufa kai tsaye. Malam Kabiru, ina yi maka fatan alheri, amma a daren da ka ji muryar mawaƙi ta fara kaushi, ka sauke kafin ka ji ƙauri.

Mukhtar_Jos:
Usta, ƙaramin gyara a kan dalilin, ba a kan sakamakon ba. Siraran sautukan da yankewa ke haifarwa suna da nasu kason, amma babban abin da ke ƙona koyil shi ne zafi. Idan amfilifaya ta kai iyaka aka ci gaba da turawa, ƙololuwar bes ba ta ƙara hawa, amma sauran sautin duka yana ci gaba da hawa, har matsakaicin ƙarfin da ke shiga lasifika ya wuce abin da za ta iya sha. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka cewa muddin fitilar ja ba ta kama ba lasifika ba za ta ƙone ba. Babbar amfilifaya tana iya dafa ƙaramar lasifika da sauti mai tsabta.

Aminu_Rediyo:
Na shigo a makare, amma ina so in koma kan tambayar Malam Nazifi ta farko, wato yadda mita take amsawa, domin a ɗakin watsa shirye-shirye wannan shi ne karatun farko. Mita mai allura da ake kira VU, wadda injiniyoyin kamfanin tarho na Bell da gidajen rediyon CBS da NBC suka fitar a Amurka a 1939, tana ɗaukar kimanin milisakan 300 kafin ta kai inda sauti yake. An yi ta ne da gangan don ta nuna matsakaicin ƙara, kusa da yadda kunne yake ji. Bugun kalangu ko tafi yana zuwa ya wuce kafin allurar ta gama tashi, saboda haka ƙololuwar gaskiya tana iya ɗara abin da allurar ta nuna da desibel 10 ko fiye. Fitilun da ke kan miksocin DJ kuwa galibi masu kama ƙololuwa ne, suna tashi cikin 'yan milisakan, su sauko a hankali, wasu ma su riƙe fitilar sama na ɗan lokaci don ido ya gani.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne waƙoƙi biyu suna iya taɓa fitila ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya ƙara nesa ba kusa ba. Waƙar da aka matse sosai a sutudiyo, tazarar da ke tsakanin ƙololuwarta da matsakaicinta kaɗan ce, za ka ga fitilun sun tsaya cak ba sa sauka. Tsohon ɗauka kuwa fitilunsa suna tsalle sama da ƙasa. Mita tana kare ka daga fashewa, amma daidaita ƙarar waƙa da waƙa aikin kunne ne a cikin abin saurare.

Hajiya_Ummi_Kaduna:
Malam Aminu ya taɓo abin da nake fama da shi kowane mako. Ni bukukuwan mata nake yi, kamu da sa lalle da walima, kuma a zama ɗaya iyaye za su nemi tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, 'yan mata kuma su nemi sababbin da suka fito daga sutudiyo. Wasu ma a nan take ƙawar amarya za ta turo mini su ta WhatsApp ko Xender, ban san ta hannu nawa suka biyo ba. Babu yadda za a yi gein ɗaya ya ɗauke su duka. Kowace waƙa sai na saurare ta a CUE na gyara mata gein kafin in ɗaga feda, kuma sababbin nan da aka matse nakan tsayar da su ɗan ƙasa da 0, tsofaffin kuma in bar su su leƙa ruwan lemo, sai ƙararsu ta zo ɗaya a kunnen jama'a. Mai ɗaukar tulu a ka ba ta cika shi har baki, domin ta san tafiya za ta yi da shi. Ni ratar da nake bari ta mai sanarwa ce, saboda idan ta ɗauki makirufo ta fara kirarin dangi da ƙarfi, muryarta a kan kiɗan take hawa, kuma mitar masta duka biyun take ƙirgawa.

Nazifi ƙanena, ka kuma lura da EQ. Idan ka daidaita gein sannan ka zo ka ƙara bes, ka canza lissafin, domin a miksocin Pioneer da yawa kowane maɓallin EQ yana iya ƙara har desibel 6. Rage abin da ya yi yawa ya fi ƙara abin da ya yi kaɗan sauƙin sarrafawa.

Kabiru_Bes:
Hajiya, ai manhajojin yanzu sun ɗauke mana wannan wahalar. Serato da rekordbox da Traktor da VirtualDJ duk suna da tsarin daidaita gein da kansu, suna auna waƙa su gyara mata ƙarfi kafin ka ɗora ta. Me ya sa za ki riƙa murɗawa da hannu a kowace waƙa?

Hajiya_Ummi_Kaduna:
Ina amfani da shi, Malam Kabiru, kuma yana rage aiki. Sai dai yana auna waƙar ne gaba ɗayanta ya ba ta lamba ɗaya. Waƙar da ta fara da doguwar magana a hankali sannan kiɗa ya ɓarke, ko wadda aka kwafo daga kaset rabinta ya fi rabi ƙara, lambar ba za ta dace da wurin da nake son shigowa ba. Shi ya sa hannuna ba ya nisa da maɓallin.

Mukhtar_Jos:
Tunda an ambaci manhajoji, akwai saiti guda da ya shafi Malam Nazifi kai tsaye. Traktor yana da wurin zaɓar ratar da za a bari a sama, VirtualDJ ma yana da makamancinsa mai suna zeroDB, a Serato kuma ana zaɓar matakin daidaita gein tsakanin 89 da 98, inda yake zuwa a saite a kan 92. Duk waɗannan suna rage ko ƙara abin da ke fita. Ratar tana da amfani sosai ga wanda manhaja ke haɗa masa waƙoƙin a cikinta. Amma wanda kowace waƙa ke fita ta raminta daban zuwa miksa ta waje, kamar shi, ba ya buƙatar rata mai yawa a manhaja, tunda a miksa ake haɗawa. Ya duba kada a ce an rage masa desibel 9 ko 12 a can. A ɗaya gefen kuma kada ya tura har mai tare sauti na manhajar, wanda ke danne ƙololuwa don kada ta wuce iyaka, ya riƙa aiki koyaushe, domin abin da ya lalace a kwamfuta babu maɓallin miksa da zai gyara shi.

Sani_Maraɗi:
Na karɓi bayanin Malam Lawan a kan PHONO. Akwai wani abu kuma da ban ga an ambata ba, wanda mu masu aiki a ƙauyuka muke gani, shi ne janareta. Idan ƙaramin inji ne ke ɗauke da amfilifaya da fitilu, duk bugun bes mai nauyi wutar tana faɗuwa, za ka ga ƙwan fitila yana lumshewa tare da kiɗa. Amfilifaya mai babban taransifoma ƙarfinta yana bin wutar da take samu, saboda haka tana fara yanke sauti da wuri, alhali mitar miksa tana nuna abin da ta saba nunawa. Saitin da ya yi daidai a shago da wutar gari ba lallai ya yi daidai a fili da inji ba. Ni sai an tayar da injin an kunna duk abin da za a kunna sannan nake saita amfilifaya, kuma ita nake kunnawa a ƙarshe, ita nake fara kashewa.

Aminu_Rediyo:
Maganar Malam Kabiru ta a ji kiɗa a unguwa ta gaba ta tsaya mini a rai, domin akwai mitar da ba mu ambata ba, wato kunnen DJ kansa. Bayan sa'o'i a cikin ƙara kunne yana dushewa na ɗan lokaci, sai mutum ya ji kamar kiɗan ya ragu, ya ƙara gein kaɗan, can ya sake ƙarawa, har ya iske kansa a ja bai san lokacin da ya hau ba. Fitilun ba sa gajiya, shi ya sa a ƙarshen dare su ne abin dogaro. Ma'aunin kare ma'aikata da ake amfani da shi ya ce desibel 85 na sa'o'i 8 ne, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ke nan a desibel 100 mintoci 15 suka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta fitar da ma'aunin wuraren taro da ya sa iyakar matsakaicin ƙara a desibel 100. A bukukuwanmu yara ƙanana ne ke tsayawa dab da lasifika, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Nazifi_Ɗorayi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi matakan Baba, na kuma duba saitin da Malam Mukhtar ya ambata. Yanzu canel 1 da 2 suna kai 0 da gein a wajen ƙarfe 1, na sauke masta har mitocin biyu suka zo ɗaya, kuma idan na haɗa waƙoƙi ruwan lemo nake gani. Hucin ya ragu ƙwarai. Sai dai akwai wani ɗan ƙugi da ya rage, wanda yake ɓacewa da zarar na zare cajar kwamfuta, ya dawo idan na mayar.

Usta_Garba_SabonGari:
Wannan ba na gein ba ne, Nazifi. Kwamfutar da miksar suna haɗuwa ta hanya biyu, ta wayar sauti da ta wayar ƙasa ta soket, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Ka fara da haɗa su duka a soket ɗaya. Idan bai tafi ba, akwai ɗan akwati mai taransifoma da ake sakawa a tsakiyar wayar RCA don raba su. Abin da nake roƙon ka kada ka yi shi ne karya ƙafar ƙasa ta fulogi, kamar yadda wasu suke ba da shawara, domin ita ce ke kare ranka idan wuta ta taɓa jikin ƙarfe. Daga miksa zuwa amfilifaya kuma, idan tazarar tana da tsawo, ka yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku, wadda ta fi RCA kare sauti daga ƙugi.

Kabiru_Bes:
Na ji daɗi da matsalar Nazifi ta warware, kuma na yarda zan riƙa duba fitilar amfilifaya kamar yadda Baba ya ce. Amma har yanzu ina kan bakana cewa 0 ba iyaka ba ce a kowace miksa. Idan na saita amfilifayata ta yadda ba ta yankewa sai miksa ta kai ƙarshen ruwan lemo, to ina da damar yin aiki a +3 ko +6 ba tare da na cutar da komai ba.

Baba_Injiniya:
Idan kai ne ka saita layin tun daga farko har ƙarshe, kuma kai kaɗai ke taɓa shi, lissafinka yana tafiya, Kabiru. Damuwata ita ce ranar da za ka hau kayan wani a ɗakin taro, inda mai kayan ya saita nasa a kan cewa 0 za a ba shi. Kuma ko a naka kayan, idan kana +6 da waƙa ɗaya, ina za ka sa desibel 3 zuwa 6 da Mukhtar ya lissafa na waƙa ta biyu?

Rabi'u_Sabon_Shiga:
Gafara dai, iyayen gida, ina da tambaya mai alaƙa da wannan. Tawa miksar ƙarama ce mai canel biyu, kuma layin fitilu biyu ne kawai a tsakiyarta. Ko na murɗa gein har ƙarshe ba sa motsi sai na ɗaga feda. Ta yaya zan bi matakan Baba alhali ba na ganin komai kafin waƙa ta fita?

Lawan_Faifai:
Malam Rabi'u, a irin waɗannan ƙananan miksocin layin fitilun nan biyu aiki biyu suke yi. A yanayi ɗaya suna nuna hagu da dama na masta, shi ya sa ba sa motsi sai ka ɗaga feda. A ɗaya yanayin kuma layin hagu yana zama na canel 1, na dama ya zama na canel 2, kafin feda. Ka nemi ɗan makunni kusa da mitar da aka rubuta wa MASTER da CUE, ko PFL, a wasu kuma danna CUE na canel ɗin ne ke juya mitar. Idan taka ba ta da ko ɗaya, ka sauke amfilifaya gaba ɗaya kafin taro, ka ajiye masta a alamar 0, ka ɗaga fedar canel ɗaya har sama, ka daidaita geinsa da mitar masta, sannan ka yi wa ɗayan haka. A cikin taro kuma sai ka kwatanta waƙar da ke shigowa da wacce ke tafiya a abin saurare. Ka gaya mana abin da aka rubuta a gefen fitilun naka, domin wasu a +6 suke ƙarewa wasu kuma sun wuce +10, kuma wannan zai nuna mana yawan ratar da kake da ita a sama da 0.